Motocin V8 na Amurka: lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi kafin ya taɓa jarinsa

A nan wajenmu idan aka ce wane ya hau V8, abin da ke zuwa ran kowa shi ne babbar Land Cruiser irin ta ministoci da manyan alhazai. To amma V8 ba sunan mota ba ne, sunan ƙirar inji ne: silinda takwas, huɗu a dama huɗu a hagu, an jingina su kamar harafin V. Ita kanta Toyota ta daina sa wannan inji a sabuwar Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, ta koma silinda shida. Sai dai a ƴan shekarun nan wasu irin V8 ɗin na daban sun fara bayyana a wuraren sayar da motoci na Kwatano da Lome, jefi-jefi kuma a titunan Yamai, Maraɗi, Kano da Abuja. Gajeru ne, masu faɗin ƙirji, cikinsu kusan yana shafar ƙasa, kuma tun daga nesa ake jin gurnaninsu. Su ne Dodge Charger, Dodge Challenger, Ford Mustang da Chevrolet Camaro, waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji.

Ƴan kasuwarmu na bakin iyaka, musamman matasan da Allah ya buɗa wa, sun fara tambaya a kansu, wasu don su hau, wasu don su saro su sayar. Abin da ke jan hankalinsu shi ne farashin da suke gani a shafukan gwanjo na intanet, inda mota mai ƙarfin doki kusan 400 kan fito a kuɗin da bai kai na tsohuwar Hilux ba. Wannan farashi gaskiya ne, amma shi ne mafi ƙanƙanta cikin kuɗaɗen da motar za ta ci.

Asalinsu

Tun 1932 kamfanin Ford ya fara sa injin V8 a motar da talakan Amurka zai iya saye. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji ya ɗora wa matsakaiciyar mota ya kira ta GTO, a shekarar ce kuma Mustang ta fito. Charger da Camaro suka biyo baya a 1966, Challenger a ƙirar 1970. Fetur a lokacin araha yake a Amurka, hanyoyinsu kuma miƙaƙƙu ne masu faɗi, to me zai hana. Abin da ya karya kasuwar shi ne tsadar inshora, dokokin rage hayaƙi, da kuma takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973. Daga baya aka farfaɗo da su: Charger ta dawo a ƙirar 2006 da ƙofa huɗu, Challenger a 2008, Camaro a 2010. Waɗannan na baya-bayan su ne ke isowa gare mu.

A watan Disamba na 2023 masana'antar Brampton da ke Kanada ta ƙera Charger da Challenger masu V8 na ƙarshe a wannan zubi, tare da ƴar'uwarsu Chrysler 300. A wannan watan ne kuma aka daina Camaro. Sabuwar Charger da ta fito a 2024 da lantarki take aiki, wadda ta biyo ta kuma silinda shida gare ta. Mustang ce ta ci gaba da V8 ɗinta mai lita 5.0. Dillalai sun riƙe wannan labari kam, za ka ji suna cewa ai an daina yi, nan gaba zinariya za ta zama. A Amurka akwai ƴan ƙalilan da aka ƙera da ƙidaya, irin su Demon 170 ta 2023 mai ƙarfin doki 1,025, waɗanda masu tara motoci ke ɓoyewa a gareji. Amma Charger ta yau da kullum an ƙera ta da ɗimbin yawa har ƴan sandan Amurka da ita suke sintiri. Wadda ta sha haɗari aka gyara ta, ta kuma yi shekara biyu a kan hanyoyinmu, ba za ta ƙara daraja ba ko da an daina ƙera ta sau goma.

Ta ina suke fitowa

Mafi yawan motocin Amurka da ke zuwa Afirka ta Yamma da araha daga gwanjon kamfanonin inshora suke, manyan cikinsu Copart da IAA. Idan mota ta yi haɗari, ko ruwa ya ci ta, ko aka sace ta aka gano, kamfanin inshora ya duba ya ga gyaranta bai biya ba, sai ya biya mai ita, ya sa wa takardarta hatimin lalatacciya, ya kai ta gwanjo. Daga nan wasu su hau jirgin ruwa kai tsaye zuwa Kwatano, Lome ko Legas, wasu kuma su bi ta Sharja a Daular Larabawa, inda ake da unguwanni sukutum na masu gyaran jiki da fenti, su fito fes kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai su lura da wannan.

Sayen motar haɗari ba laifi ba ne, da yawa daga cikin Corolla da Camry da ke titunanmu haka suka zo. Bambancin shi ne irin haɗarin. Mai Corolla yawanci a cunkoso ake bugunsa. Ita kuwa mota mai ƙarfin doki 485 da ke tura kanta da tayoyin baya, sau da yawa ƙwacewa take yi daga hannun direba tana cikin gudu, ta daki ƙarfen gefen hanya ko bishiya. Irin wannan bugu yana karkata shasi, kuma shasin da ya karkata ko an ja shi da sarƙa ba ya komawa daidai. Alamarsa ita ce taya na cinyewa ta gefe ɗaya, mota na janyewa, ƙofa ba ta rufuwa sai an dake ta. Sannan akwai jakar iskan nan da ke fashewa ta tare direba lokacin haɗari. Da yawa ba a mayar da sabuwa, sai a liƙe murfin a kashe fitilar gargaɗin.

Motar ruwa ta fi wannan sharri. Bayan guguwar Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017, da ta Ian a jihar Florida a 2022, motoci masu tarin yawa sun shiga gwanjo. Jikinsu lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Amma waɗannan motoci komai nasu da waya da kwamfuta yake aiki, batir ɗin Charger da Challenger ma a cikin but yake, can ƙasa kusa da safaya. Ruwan gishiri idan ya shiga mahaɗar wayoyi a hankali yake ci, sai bayan wata shida mota ta fara abin da ba bakaniken da zai gane kansa. Mai saye ya ɗaga kafet, ya duba ƙarƙashin kujeru ko ƙarfen ya yi tsatsa, ya jawo bel ɗin ɗaure jiki har ƙarshe ya ga ko akwai shatin laka, ya sunsuna but.

Hanyar shigowa ma ta sauya. A da mota ta sauka Kwatano, ta hau zuwa Malanbil, ta haye gada zuwa Gaya, shi ke nan. Ran 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta haramta shigar da motoci ta kan iyakokin ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 kuma ta rufe iyakokin baki ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Nijar da Benin ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiya mai nisa, jiran ayari da rakiyar sojoji. Kowace rana da mota ta yi a hanya kuɗi ne. Mota irin wannan kuma ba ta ɓuya. Corolla fara za ta iya sajewa cikin dubu irinta, amma jar Challenger mai ruri duk shingen duwan da na jandarma sai an tsayar da ita an nemi takarda.

Lambar shasi ita ce shaida

Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Wanda ya iya karanta ta ya fi ƙarfin yawancin dabarun dillalai.

Dalili kuwa shi ne, ba kowace Charger ce V8 ba. Kaso mai yawa nasu silinda shida ne, lita 3.6, ƙarfin doki wajen 300. Jikinsu ɗaya da manyan, don haka da bamba, da bonet mai hanci, da tambarin SRT ko kan kyanwar Hellcat da ake sayarwa a intanet, da salansa mai ƙara, an mayar da ƙaramar babba a ido. Amma lambar shasi ba ta ƙarya. A Charger da Challenger na shekarun baya-bayan nan, a ƙirga zuwa gurbi na takwas: harafin G na nufin silinda shida, T na nufin V8 mai lita 5.7 wato R/T mai doki kimanin 370, J na nufin lita 6.4 mai doki 485, alƙalamin 9 kuma Hellcat ce mai lita 6.2, wadda ta fito a 2015 da doki 707. A Mustang ta 2015 zuwa gaba, F a wannan gurbi shi ne V8, H kuma silinda huɗu ce kacal. Gurbi na goma shekarar ƙira ce: F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023. Wannan ma yana da amfani, domin akwai masu ɗaukar Charger ta 2012 su sa mata fuska da fitilun 2015 su sayar a matsayin sabuwar fita. Kwastan ɗin Najeriya ma tun 2022 da wannan lamba suka fara ƙiyasta kuɗin fito.

Da lambar ce kuma za a sayi rahoton tarihin mota daga kamfanoni irin su Carfax ko AutoCheck a kan kuɗi kaɗan, kowane yaro mai shagon intanet zai iya yi maka. Sau da yawa ma idan aka rubuta lambar a Google hotunan motar na ranar gwanjo za su fito, ka gan ta yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. A kuma tuna agogon motar Amurka da mil yake ƙirga ba kilomita ba. Idan ya nuna 100,000, ta yi tafiyar kilomita 160,000 ke nan.

Sai batun sata, wanda nake ganin shi ne ya fi kowanne haɗari ga jari. Wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai suna HLDI ta bayyana a 2023 cewa, cikin motocin ƙirar 2020 zuwa 2022, Charger Hellcat ce ta fi kowace mota yawan sacewa, fiye da ninki 60 na matsakaiciyar mota. Motocin da ake sacewa a Kanada kuma an sha gano su a Gana da Najeriya. A watan Maris na 2025 ƴan sandan duniya na Interpol sun yi wani samame a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, suka gano motocin sata kusan 150, yawancinsu daga Kanada. Idan aka kama irin wannan mota, hannun wanda aka same ta shi ke asara, dillalin Kwatano ya daɗe da kashe wayarsa. Lambar gilashi, ta ƙofa da ta takarda dole su zama ɗaya. In ka ga alamar an taɓa ƙusoshin farantin lambar, ka tashi daga cinikin ko nawa aka rage maka.

Mai

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bisa awon hukumar muhalli ta Amurka, Charger mai lita 5.7 tana shan kusan lita 15 a kilomita 100 cikin gari, lita 9 da rabi a doguwar hanya. Hellcat kusan lita 20 cikin gari. Corolla kuwa lita 7 zuwa 8 ta ishe ta. Wannan awo ne na sabuwar mota a kan lafiyayyen titi da direba mai haƙuri, kuma ba wanda ke sayen irin wannan mota don ya yi haƙuri. Tankinta lita 70 ne. A farashin sefa 499 da gwamnatin Nijar ta tsayar wa litar fetur a watan Yulin 2024, cika tanki sau ɗaya jika 35 ne, kuma da ƙyar ya kai ka Yamai daga Maraɗi, tafiyar kilomita 660 da wani abu, in ka sa mata ƙafa kuwa sai ka ƙara a Doso. A Najeriya, kafin Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Zamanin da mutumin Ƙonni ko Ɗan Isa zai riƙe mota mai shan mai don yana samun na Illela ko Jibiya a banza ya wuce tun lokacin.

Yawan shan ma ba shi ne babbar matsala ba, ingancin man ne. Fetur yana da lambar da ke nuna yadda yake jure matsi kafin ya kama da wuta. Injin lita 6.4 da na Hellcat an ƙera su ne don mai lamba 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin da ake amfani da shi a Turai da nan. Fetur ɗin gidajen manmu yawanci a 91 yake tsayawa a namu ma'aunin, wato ya gaza. Idan man bai kai ba sai ya riƙa fashewa a cikin silinda kafin lokacinsa. Kwamfutar motar tana jin wannan, ta rage wa injin ƙarfi don ta kare shi, ka ga dokin da ka biya kuɗinsu ba su cika ba. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da Ƙonni ke haura digiri 43, ga esi a kunne ga ƙafa a ƙasa, kariyar ba kullum take isa ba, fistin na iya narkewa. Man ruwa-ruwa na kwalba da jarka, wanda ya sha rana da ƙura wani lokaci har da gauraye, kada ma a kawo zancensa. Injin lita 5.7 ya fi sauƙin kai, littafinsa ya yarda da ƙaramin mai ko da yake ya fi son matsakaici. A ganina wanda ya nace sai V8, a nan ya kamata ya tsaya.

Hanya da bakanike

Tsakanin cikin Charger da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 14 ba, Hellcat ma ba ta kai haka ba, alhali Hilux ta haura 20. Duk tudun rage gudu da ke mashigar ƙauyukan babbar hanya abokin gabarta ne, balle hanyar kasuwar ƙauye da damina, balle rairayi.

Injin Hemi na Dodge fulogi 16 gare shi, biyu a kowace silinda, yana kuma ɗaukar baƙin mai kusan lita 6 da rabi, na musamman, siriri, ba irin wanda ake aunawa a galan a bakin tasha ba. A mai lita 5.7 da giya otomatik akwai dabarar kashe silinda huɗu idan ana tafiya a hankali, kuma da matsin baƙin man take aiki, in aka zuba mai kauri sai ta rikice. Sanannen ciwon wannan inji shi ne wata ƴar ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, daga samansa. Idan da sanyin safiya take yi ta ɓace in inji ya yi zafi, galibi ƙusoshin bakin salansa ne suka karye, gyara mai sauƙi. Idan ba ta ɓacewa, to ƙarafan da ke ɗaga bawul ne suka fara cin sandar da ke juya su, sai an buɗe inji. Makanikai na danganta wannan da barin mota a kunne tana tsaye na dogon lokaci, abin da mu kuma muka saba, a zauna cikin esi ana jiran kaya a duwan. Don haka a yi hattara da tsofaffin motocin ƴan sandan Amurka da ake samu da araha: agogonsu na nuna tafiya kaɗan, amma sun yi dubban awoyi a kunne. Allon gaban direba yana nuna awoyin, a nemi a gani. Abin da ya ɗan sauƙaƙa shi ne injin 5.7 ɗin nan shi ne a cikin Jeep Grand Cherokee, Dodge Durango da akori-kurar Ram, don haka ana samun kayansa a Ladipo ta Legas da Sharja. Ana samu, amma ba a Magarya ko Maigatari ranar da ka lalace ba.

Gyare-gyaren ƙarin ƙarfi

A Amurka rabin daɗin waɗannan motoci shi ne sauya su. Ana canza salansa, a buɗe hanyar shan iska, a sake rubuta lissafin kwamfuta, a ɗora injin hura iska, a sauke mota ƙasa, a sa manyan wili. Matasanmu suna kallon wannan a YouTube suna sha'awa. Kusan dukkansa an yi shi ne don mai mai kyau, iska marar ƙura da titi mai santsi.

Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake cire akwatinta, a lokacin hunturu da buji ƙura za ta riƙa ɗura wa inji. Sake rubuta kwamfuta don ƙarin doki yana nufin matsa wa man da tun farko bai kai ba, kuma a Dodge na 2015 zuwa gaba kwamfutar a kulle take, sai an aika an buɗe ta ko an sayi wata, in aka yi kuskure mota ba za ta tashi ba. Cire tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa ana yinsa da sunan ƙarin ƙara, amma sau da yawa mai cirewar ne ke cin riba, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta da ake saye. Mai sayen mota ya leƙa ƙasa ya tabbatar ba a riga an yanke ta tun a tashar jirgin ruwa ba. Wili mai inci 22 da siririyar taya kuwa rami ɗaya ya ishe shi.

Gyaran da ya dace da mu shi ne wanda ba ya burge kowa. A sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya tare dutse. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya ba ruwan rijiya ba, a tabbatar fankokin na aiki. A riƙa canza matatar iska da baƙin mai tun kafin lokacin da littafi ya faɗa. A R/T ana iya sauka daga wili mai inci 20 zuwa 18 da taya mai kauri, irin wanda motocin ƴan sanda ke sawa, sai dai a Scat Pack da Hellcat manyan birkin Brembo ba sa barin ƙaramin wili ya shiga. Wanda ya sayi Hellcat kuma ya karɓi makullai biyu: baƙin yana tsayar da ita a doki 500, jan ne ke sakin dukkan ƙarfin. Ranar da yaran gida za su roƙi aron mota don rakiyar amarya, inda aka saba wasan juyi da ya sha hallaka mutane, ko baƙin ma bai kamata ya bar aljihu ba.

Ranar sayarwa

Ɗan kasuwa ya san kaya mai juyawa da kaya mai kwanciya. Hilux ko Corolla in buƙata ta taso, ka kai ta bakin kasuwa da safe kafin la'asar an taya. Challenger masu sonta da yawa, masu iya riƙe ta kaɗan ne, kuma yawancinsu suna Abuja, Legas da Kano, wato da naira za su biya. Wanda ya saro da dala ko sefa ya tuna abin da ya faru bayan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, yayin da sefa ke ɗaure da yuro a kan 655.957. Motar da ta yi wata takwas a rumfa tana jiran mai saye, batir na mutuwa, taya na bushewa, kuɗinta da an sa a shinkafa, wake ko atamfa da sun juya sau uku ko huɗu. Masu sarowa da suka daɗe a harkar ba sa taɓa irin wannan mota sai an yi oda, mai so ya ajiye kafin alƙalami, an kuma aiko masa da lambar shasi ya bincika ya amince tun motar tana can filin gwanjo.